Hutun kwana biyar da iyali: Zariya da Kano, ko Kagoro da Jos?

Maman Ihsan: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Maigida ya samu hutun kwana biyar a ƙarshen Oktoba, muna so mu fita da yara a motarmu. Shi birni yake so, kasuwa da gine-gine. Babbar 'yata ba ta da zance sai tarihin mutanen dā, ni kuma duwatsu nake marmari da iska mai sanyi. Daga nan Kaduna ina za mu dosa kowa ya samu nasa?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam Hajiya. Ku kama hanyar arewa kawai. Zariya kusa ce, ku ga fadar Zazzau da ganuwa da dutsen Kufena, ku wuce Kano: Gidan Makama, kasuwar Kurmi, marinar Ƙofar Mata, ku hau Dala da yamma. Masauki da abinci duk ba matsala.

Kawu na Kawo: Malam, birni da tarihi kam ka ba su, amma ka bar Hajiya a baya. Dala kafin ka yi gumi ka kai sama, abin da za ka hango kuma rufin gidaje ne. Wanda ya ce duwatsu da sanyi yake so, Filato ake kai shi.

Anti Malama: Ina bayan Kawu. Maman Ihsan, kafin ma ku tayar da mota ku ba Kaduna wuni guda, don da yawanmu a nan muka girma ba mu taɓa leƙa abin da ke ƙofar gidanmu ba. Ku fara da gidan tarihi na titin Ali Akilu, akwai sassaƙen Nok a ciki. Daga nan Arewa House a titin Rabah, gidan Sardauna ne, inda aka kashe shi ranar 15 ga Janairun 1966, Allah ya jiƙansa. Da yamma ku kai yara lambun shaƙatawa na Gamji su taka gadar ƙarfen nan ta Gwamna Lugga, wadda aka yi a Zungeru a 1904 aka ɗauko ta zuwa nan a 1954.

Maman Ihsan: Anti, Nok ɗin nan ita ce yarinyar ta dame ni da ita. A je garin ne?

Anti Malama: Nan ne mutane ke kuskure. Nok ƙauye ne a ƙaramar hukumar Jaba, kusa da Kwoi. Sunansa ya shiga duniya ne saboda a can masu haƙar kuza suka fara tono kan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu a 1928. Sai a 1943 aka kai wa Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, wani kan da aka samu wajen Jama'a, wanda wani ya kafa a gonar doya yana korar tsuntsaye da shi, ya lura aikin hannu iri ɗaya ne da na farko. Mutanen da suka yi su sun rayu sama da shekara 2,000 da suka wuce, kuma sun san narka tama, an ga matoyarsu a Taruga kusa da Abuja. To amma manyan kayan ba a ƙauyen suke ba. Wasu na gidajen tarihi, wasu kuma masu tonon sata sun fitar da su ƙasashen waje, abin da har gobe yake ci mini rai. In gani da ido take so, Jos za ku kai ta. Fagg ɗin ne ya kafa gidan tarihin can a 1952. Ki ce mata ta lura da idanun, masu kusurwa uku da huda a tsakiya, da irin kitson da ke kansu. Za ta sha mamakin yadda kwalliyar mata ba yau ta fara ba.

A harabar gidan tarihin na Jos kuma akwai wurin da aka kwaikwayi gine-ginenmu na gargajiya da ƙasa, har da ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu. Tun da wani sashe na asalin masallacin ya rufta a 2023, na Jos ɗin ya ƙara daraja a wurina.

Baban Sadik: Wannan kam ban sani ba Anti. Na janye, Kano ta jira hutun Sallah, lokacin hawa ya fi daɗi ma.

Yaya na Barnawa: Ni ɗan Kafanchan ne, bari in sa baki. Ku bi ta Kachia da Kwoi ku kwana Kafanchan. Ruwan Matsirga mai zubowa daga kan dutse na nan kusa, a Madakiya, kuma ƙarshen Oktoba yana da ƙarfinsa tunda damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba. Dutsen Kagoro kuwa tun daga nesa zai tare muku ido. Lokacin da kuka zaɓa ya yi daidai: ciyawa kore shar, hazo bai sauko ba. Wanda ya je a Janairu zai samu bikin Afan na al'adar mutanen Kagoro ranar ɗaya ga wata, amma ƙura kan rufe nesa. Kada ku hau ku kaɗai, ku nemi ɗan gari ya yi muku jagora, ku sallame shi da kyau. Ku sayi citta a hanya, ƙasarta ce.

Maman Ihsan: Yaya, ƙaramin shekararsa shida. Zai iya hawan?

Yaya na Barnawa: Ba zai iya ba Hajiya, hawan na manya ne. Ke da babbar ku hau da sassafe, Alhaji ya zauna da ƙanana a gindin dutse. Duwatsun Shere na bayan Jos sun fi tsayi, sun haura mita 1,800, amma ko daga ƙasa kallonsu ya isa, kuma dutsen Riyom daga bakin titi ake ganinsa, yara za su so shi.

Kawu na Kawo: Ni maganata ta hanya ce, tunda tuƙi ne sana'ata. Kada dare ya same ku a kan titi, ko ta Kachia ko ta Saminaka. Ku fita bayan asuba, la'asar ta same ku a masauki. Ana gobe tafiya Alhaji ya leƙa tashar mota ta unguwar Television ya tambayi direbobin da suka shigo a ranar, su suka san halin da hanya take ciki, ba masu turo saƙo a waya ba. In suka ce a dakata da Kachia, ku bi ta Pambeguwa da Saminaka kai tsaye Jos, a bar Kagoro sai wani jiƙon. A duba birki da taya, hawa da gangara ne can.

Hajiya Babba: 'Yata, ki ɗauki rigunan sanyi da safa na yara, Jos da asuba ba Kaduna ba ce. Ki tambayi masauki ko suna da ruwan zafi kafin ki biya. Ranar dawowa ki biya Farin Gada ki cika but da dankalin Turawa da kabeji da karas.

Maman Ihsan: Allah ya saka da alheri, Mama. Kawu, kwana biyu a Jos zai isa?

Kawu na Kawo: Zai isa in ba ku haɗa gidan tarihi da Shere rana ɗaya ba. Ku dawo ta Saminaka, ku bar Jos kafin takwas na safe.