Kunne ya toshe, wa ya taɓa fama da shi?

Tela, Zango: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da hunturun nan ya kama, kunnena na hagu ya toshe, ƙarar keken ɗinkina ma sai in ji ta kamar daga maƙwabta. Kullum ina sa tsinke mai auduga, amma abin sai gaba yake. Wanda ya taɓa fama da haka ya taimaka mana.

Ɗan kabu-kabu, Karkada: Wa alaikumus salam. Maigida, ajiye tsinken nan. Mu da muke yini cikin ƙurar Damagaram, da makullin babur muke sosawa. Ranar da nawa ya ɗauke, majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya haska ciki ya ce dattin ya danƙare a bakin dodon kunne. Ya sa na riƙa ɗiga man zaitun, da ya yi laushi na koma aka wanke da sirinji. Wani baƙin curi ya faɗo cikin tasa, kusan girman ƙwayar gujiya. Nan take na ji kukan fankar ɗakin.

Ma'aikaciyar jinya, Sabon Gari: Malam tela, tsinken ne ke tura shi ciki. Tsawon ramin kunnen babba kusan santimita 2 da rabi ne, kuma a wajen baki-baki ake yin dattin. Yana da aikinsa: yana kama ƙura, yana hana fatar ciki bushewa, taunar abinci da magana kuma su turo shi waje da kansa. Shafar kunne ta alwala, ko tsumma mai laima a kan yatsa, ta wadatar.

Idan ya taurare, a kwanta ta gefe a ɗiga man zaitun mai tsabta ɗigo 2 zuwa 3, a dakata minti 5 zuwa 10, a maimaita kwana 3 zuwa 5. In bai buɗe ba, a zo likita. Ruwan wankin ma sai ya yi ɗumin jiki, digiri 37, don mai sanyi ko mai zafi yana kawo jiri. Amma mai ciwon kunne, ko wanda kunnensa ke ruwa ko mugunya, ko dodon kunnensa ya taɓa fashewa, kada ya ɗiga komai. Mai ciwon suga kuma ya faɗa kafin a wanke masa.

Hajiya, Birni: 'Yar nan, Allah ya yi miki albarka. Mu da gashin kaza muka tashi, daɗin susar ba a magana. Amma wata maƙwabciyata tana cikin yi da alimeti jikanta ya faɗo mata a hannu, jini ya fito, har yau jin gefen nan bai dawo daidai ba.

Uwar yara, Garin Malam: Nawa ƙwayar wake yaro ya cusa. Allah ya sa ban zuba ruwa ba, a likita suka ce da ya kumbura ya ƙi fita.

Tela, Zango: Na gode ƙwarai. Malama, nawa ba ya ciwo, ba ya ruwa. Man gujiya zai yi, ko dole sai zaitun?

Ma'aikaciyar jinya, Sabon Gari: Nemi zaitun, ko maganin ɗigawa na farmasi. Kada ka dafa shi, riƙe kwalbar a tafin hannu ya isa ya sa ya yi ɗumi.