Taƙaitaccen abin da aka faɗa kan dokokin muhalli a Najeriya

Jama'a, ga abin da na tattaro daga doguwar muhawarar da aka yi kan dokokin kare muhalli a Najeriya.

1. Kusan kowa ya yarda gwamnati ba ta farka ba sai da ta ga uwar bari, lokacin da aka jibge sharar guba daga Italiya a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu a 1988. A shekarar aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, Ma'aikatar Muhalli ta biyo baya a 1999, NESREA, hukumar da ke tabbatar da bin dokokin muhalli, kuma a 2007.

2. Shawarar da ta fi yawa: mai shirin gina masana'anta ko madatsar ruwa ya fara sa a tantance illar aikin ga muhalli. Doka ta wajabta hakan tun 1992.

3. Kan gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010 ne kawuna suka rabu. Wasu sun ɗora laifin kan rashin sa ido. Wasu suka ce talauci ya sa ake niƙa duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma a tsakar gida, don haka a koya wa masu haƙar hanyar da ba ta da haɗari maimakon kora. Ni ma can na karkata.

4. Tsaftar ƙarshen wata kuwa, an ce a ci gaba, amma a riƙa kwashe sharar da wuri.