Yadi uku gareni kacal, doguwar riga zata fita kuwa? Masu ɗinki a gida ku zo

'Yar Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, ina gajiya, ya zafi. Dan Allah masu ɗinki a gida ku taimaka min. Turmi guda muka saya ni da ƙanwata muka raba biyu, kowa yadi uku, ita ta kai wa tela nata, ni kuma ina so in ɗinka da kaina tunda keken mamanmu Butterfly yana nan a ɗaki ba mai taɓa shi. Doguwar riga nake so har idon sawu mai dogon hannu, sunan matar yayana zan sa. Na auna faɗin atamfar santi 115, ni kuma daga kafaɗa zuwa idon sawu 138, ƙirji 96, mazaunai 104. Zanen tsuntsaye ne manya manya duk kansu ya kalli gefe ɗaya. Maƙwabciyata tace ko tela ba zai fitar ba. Wadda ta taɓa yin irin wannan ta faɗa min yadda tayi kafin in sa almakashi.

Maman Biyu, Marwa:
Wa alaikis salam ƙanwata. Zata fita mana, wa yace miki ba zata fita ba, ni da yadi ukun nayi rigar sallar bara kuma jikinmu kusan ɗaya ne. Abin da zai kashe ki shine kice zaki yanke ta a miƙe daga kafaɗa har ƙasa, gaba 140 baya 140, kinga ya ma fi yadi ukun naki tun ba a zo maganar hannu ba. Ki yanke ta a ƙugu, sama daban ƙasa daban. Yadi uku santi 274 ne. Ki fara cire 170 ki riƙe shi yadda ake ɗaura zani, wato faɗin nan na 115 shi zai zama tsawon siket, ke 105 kawai kike buƙata har da na ɗinki, sauran goman da ya fita a sama ki ajiye shi ɗamara ce. 170 ɗin nan ki yi masa tattara a ƙugu ko ki karya shi gida gida, zai wadace ki ki zauna ki tashi ki hau moto ba tare da kin ji ya ɗame ba. Saura 104 ko? Toh ki raba shi, 55 gefe ɗaya 49 gefe ɗaya. A cikin na 55 ɗin gaba da baya zasu fita ɗaya saman ɗaya, kowanne tsawon 45, har ɗan ƙyalle ya rage na juya wuya. Na 49 ɗin ki raba biyu hannuwa kenan. Duk a kwance kika yanka saboda haka tsuntsayenki duk a tsaye zasu fito, in dai irin atamfar nan ce da zanenta ke tsayuwa daidai in an ɗaura ta zani, ki ɗaura ki duba madubi tukunna.

'Yar Garwa:
Kai Allah ya saka da alheri Yaya, na ɗaura yanzun nan a tsaye suke. Amma ɗankwali fa?

Maman Biyu, Marwa:
Hhhh ɗankwali kam babu shi a yadi uku, ki nemi wani ƙyalle mara zane mai launin tsuntsun, ko ki je ki roƙi guntun ƙanwarki a wajen telanta.

Adda Ngaundare:
Ni fa ban yarda mutum ya matse kansa a yadi uku ba alhali popelin na nan a kasuwa da araha. Hannuwa da saman baya nake yi da popelin ko satin mai launi ɗaya, sai atamfar ta samu sarari in daidaita zanen yadda nake so. Don matsalar lissafin Maman Biyu ɗaya ce, baya barin ki zaɓi inda tsuntsu zai faɗo, abin da almakashi ya samu shi zai ci. Akwai wata a bikin da muka je rigarta ɗinki tsaf amma rabin fulawa a wannan gefen ƙirji rabi can ƙarƙashin hammata, kuma tana juyawa sai ga wata ƙatuwar fulawa ta zauna mata daidai mazaunai, duk wanda ya gani sai ya sake kallo. Zane babba cin yadi gareshi.

Hajja ta Kusuri:
Haɗin popelin ɗin nan in ba a iya ba kowa ya gani ya san yadi ne bai kai ba. In zaki sa a hannu toh ki ƙara siririn layinsa a wuya da ƙasan riga, ya zama kamar da gangan kika tsara. Kuma ki tafi da guntun atamfar kasuwa ki kara a rana, kar ki yarda da hasken cikin shago, shuɗi kala kala ne.

Adda Ngaundare:
Hajja ai yanzu ko masu turmi cikakke haɗawa suke, yayi ne. Amma maganar karawa a rana gaskiyarki ne.

Tela ne ni, Kusuri:
Ku yi haƙuri iyayena na shigo zancen mata, sana'ata ce aka taɓo. Abu biyu. Na farko kar ki yarda da yadi ukun da mai shago ya faɗa, ki shimfiɗa ki auna da kanki, an sha kawo min rabin turmi in auna in ga ya gaza da kusan taƙi guda, wani lokaci wajen rabawa ne aka karkace, ɗaya ta samu ƙari ɗaya ta samu ragi. Lissafin da aka baki babu rara a cikinsa, in santi goma suka ɓace toh daga siket zaki rage, 160 ma zai yi miki, kar ki taɓa na hannu don hannu in ya matse a damtse babu gyara. Na biyu ki jiƙa ta ki shanya a inuwa ki goge kafin ki yanka. Atamfar auduga tana ɗan tsukewa a wankin farko, masu roba a ciki ne basu cika yi ba. Mu a shago bama wankewa don masu kaya sun fi son ƙyallin sabunta, amma mukan bar rara a ɗinki, ke kuwa baki da rarar.

Goggon Yara, Garwa:
Ɗiyata ki ji ta tela. Kuma kar ki fara zana alli a jikin atamfa kai tsaye. Mu da takardar buhun siminti muka koya, irin na Figil ɗin nan, a kakkaɓe a buɗe a goge ta da dutsen guga, ki ɗora tsohuwar rigarki wadda ta zauna miki daidai ki zagaye ki yanka takardar, sannan ki jera su duka a kan atamfa a tabarma, ki danne da duwatsu ko kofuna, ki yi ta matsarwa har kowanne ya samu wuri. Nan ne zaki ga inda tsuntsun zai faɗo, wannan ya amsa damuwar Adda, don ko a 104 ɗin nan kina iya musanya gefen hannu da gefen gaba ki ga wanne ya fi kyau. Sai kin ga komai ya zauna sannan almakashi. Ni haka nake yi da zanin 8 ga Maris na bikin ranar mata, wanda shi ya fi kowanne wahala saboda tambari da rubutun faransanci da turanci da ke jikinsa, in kika yanka ba lissafi sai kalma ta tsaya a rabi ko ta koma ƙasa a sama. Turmi guda nake raba wa kaina da jikata, ni kaba, wato doguwar riga mai faɗi, ita 'yar riga.  

Ummu Sabir, Njamena:
Mu nan tunda lafaya muke yafawa a sama lissafinmu daban ne. Abin da ake gani a rigar ciki hannu ne da ƙasa sai ɗan wuya, saboda haka ni da yadi biyu ma nayi. Jikin rigar duka baƙin yadi mara nauyi, atamfar na sa ta a hannuwa da faffaɗan baki a ƙasa kamar santi 40, har ɗankwali ya fita. Wata a wajen walima sai da ta ɗaga min lafaya wai tana son ganin ɗinkin, ta ga baƙi tayi ta dariya, yanzu ita ma haka take yi. In ke mai sa babban hijabi ce ko mayafi har gwiwa ki yi tunanin wannan.

Maman Biyu, Marwa:
Na manta, bakin atamfar da babu rubutu shi zaki bari a ƙasan siket, ba sai kin yi kalmasa ba. Mai rubutun suna da lamba shi zai fita a goman nan ta sama, in kin ninke ɗamara sai ya shige ciki.

Adda Ngaundare:
A'a ni kam sai na kalmasa, bakin atamfa a ƙasan riga kamar ba a gama ɗinki ba. Tana da rarar santi goman nan na saman siket ai, ta ci uku a ciki ɗamarar tayi siriri. Sannan shafi fa, zaki sa?

'Yar Garwa:
Adda shafi a Garwa a watan huɗu? Ku da kuke cikin sanyin Ngaundare ku sa abinku, ni siket ɗin ciki ya ishe ni. Na jiƙa ta tana kan igiya, na aiki yaro gidan da ake gini ya samo min takardar. Zif ne ban taɓa sawa ba, a baya ya fi sauƙi ko a gefe?

Tela ne ni, Kusuri:
A gefe ƙarƙashin hammata, hagu. In kika sa a baya sai kin tsaga bayan biyu, ya ci miki santi uku kuma ya raba tsuntsu. Ki fara kama shi da zare da allura manya manyan taku, ki gwada a jikinki ki ɗaga hannu sama ki sunkuya, sannan ki hau keke. Kuma keken da ya daɗe a ajiye ki sa masa mai ki canza allura, ki yi ta gudu a kan tsumma har man ya daina fita, in ba haka ba a kan sabuwar atamfarki zai zubar.