Dogon bene mai murɗaɗɗiyar siffa: zai yiwu a Kano ko dai ado ne a hoto?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum, injiniyoyi da masu zane na wannan zaure. Kwanan nan hotunan dogayen benaye na ta yawo a Facebook, wani kamar an murɗa tsumma, wani kamar ƙwarya an kife, duk gilashi daga sama har ƙasa, ana cewa irinsu ya kamata a gina a Kano. Wasu na cewa ci gaba ne, Gidan Ado Bayero da Gidan Murtala sun tsufa. Wasu na cewa ba namu ba ne. Don Allah mene ne gaskiyar irin wannan zane a ƙasarmu da yanayinmu?

Mai Zane Gwale: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a je ga kyau ko muni, a fara tambayar rana. Kano tana kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, zafin Afrilu yana haura digiri 40. Bangon gilashi da ya kalli yamma, daga azahar zuwa la'asar sakaliya tanda ne, kuma duk zafin da ya shiga da kuɗin dizal za a fitar da shi.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. A miƙar da tsawon ginin gabas zuwa yamma, don manyan fuskokinsa su kalli kudu da arewa. Waɗannan fuskoki rumfa ta kwance a saman taga ta ishe su. Gabas da yamma kuwa sai fiffike na tsaye, saboda rana tana zuwa musu ta gefe. Abin da masu kwafo zane daga Turai suke mantawa: a nan, daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen 20 ga Agusta rana tana karkata arewa da tsakar rana, don haka fuskar arewa ma tana son inuwa. To shi murɗaɗɗen bene kowane hawa alƙiblarsa daban, ke nan kowane hawa da irin rumfarsa. Nan kuɗin yake tashi.

Gilashi mai lanƙwasa ciki kuma yana tara haske kamar madubin ƙona takarda. A Landan, a 2013, benen da ake kira Walkie Talkie ya narkar da sassan wata mota da aka ajiye a titi. Ranar Landan fa ke nan, ba ta Kantin Kwari ba. Sannan ga ƙurar hunturu: in ba a sa keken wanke gilashi a rufin tun a zane ba, wata uku ya isa ginin ya koma launin ƙasa.

Ba wai baƙuwar siffa laifi ba ce. Al Bahar a Abu Dabi, hawa 29, an lulluɓe shi da raga mai buɗewa da rufewa gwargwadon rana. Eastgate a Harare, 1996, dabarar shan iskar gidan gara aka kwaikwaya. Su siffarsu aiki take yi.

Injiniya Na'ibawa: Yallaɓai Mai Zane ya gama da sama, bari in shiga ƙasa. Ƙarƙashin Kano dutse ne mai ƙarfi, Dala da Goron Dutse shaida ne, amma zurfinsa ba ɗaya ba ne, kuma filaye da yawa a cikin gari tsofaffin kududdufai ne da aka cike da shara. Sai an haƙa ramukan gwajin ƙasa a wurare da dama cikin filin kafin a san irin fandishon da za a yi.

A miƙaƙƙen bene, fila tana kan fila har ƙasa, nauyi ya sauka kai tsaye. Da zarar an murɗa ko an turo wani hawa waje, sai an sa ƙaton bim mai karɓar nauyi ya kai shi wata filar, rodi ya ƙaru, katakon zuba dakin kuma ba ya maimaituwa, kowane hawa sai kafinta ya sake sabo. Kankaren ma ba na kwaɓa da shebur ba ne: a ɗebi samfuri a kowane zubi, a matse shi a kwana 7 da kwana 28. Benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a Nuwamba 2021 miƙaƙƙe ne, haka na titin Beirut a nan Kano a 2022, wanda bai ma kai hawa biyar ba. Wanda bai iya miƙaƙƙe ba, ina zai kai murɗaɗɗe?

Ruwa ma lissafi ne. Hawa 20 a kan mita 3.5 ya ba da mita 70, kuma duk mita 10 matsi ne na bar ɗaya (bar shi ne ma'aunin matsin ruwa). Tankin rufi zai danno wa famfon ƙasa bar 7, bututu ya riƙa fashewa a mahaɗa. Maganinsa a raba ginin shiyya-shiyya da tanki a tsakiya, ko a sa bawul mai rage matsi. Lif kuma dole da batirin da zai kai shi hawa mafi kusa ya buɗe ƙofa in an ɗauke wuta. Matakala biyu, kowace da ƙofar da ke tare wuta, da bututun ruwan kashe gobara a kowane hawa, don tsanin mota ba ya kaiwa can sama. Kuma a guji farantin ado mai roba a tsakiya, shi ya hau da wutar benen Grenfell na Landan a 2017 har mutum 72 suka rasu.

Hajiya Mai Tsara Birane: Sannunku da ƙoƙari. Ni dai Malam Ɗan Fagge, ra'ayin jama'a ka tambaya, kuma mutumin Kano ba murɗewar ce ta fi damunsa ba. Tambayarsa ta farko: daga hawa na shida ana hango tsakar gidana? A nan mata suke girki da wanki. Malaman Malikiyya tun da can sun yi hukuncin toshe tagar da ke leƙa gidan maƙwabci. Saboda haka a gefen da ke kallon gidaje a ɗaga ƙasan taga ya wuce tsayin ido, kamar mita 1.8, ko a sa raga mai karkata sama. Irin wannan gini ya fi dacewa da Murtala Mohammed Way ko titin Zariya, ba cikin badala ba, inda zai danne Gidan Rumfa da hasumiyoyin Babban Masallaci.

Na biyu, mutane suna karanta siffa. Ku tuna ce-ce-ku-cen da aka yi kan fasalin shataletalen gidan gwamnati da aka rushe a 2023. Kafin a kai zane KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, a duba shi ta sama da kowane gefe, a nuna wa mai unguwa da maƙwabta. In kusa da filin jirgin Malam Aminu Kano ne, sai NCAA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, ta amince da tsayin tukuna. Manna zanen dagi da zankwaye huɗu a kan akwatin gilashi kuma bai mai da shi ginin Hausa ba. Kaurin bango, ƙaramar taga da zaure su ne asalin.

Ɗan Fagge: Allah Ya saka da alheri. Injiniya, wannan gwajin ƙasar, rami nawa ake haƙawa a fili mai ƙafa 100 sau 100?