Rinin gashin nan mai hawa biyu zai karɓe ni kuwa?

Salamu alaikum 'yan uwa mata, don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle. Ni a wani ƙauye nake kusa da Ringim, bikina saura sati 5. Na ga wani rini a TikTok, tushen gashin baƙi ne sai ya ringa washewa a hankali har jelar ta koma ruwan zuma, wallahi ya tafi da ni.

To matsalar ni baƙa ce wuluk, gashina kuma da ƙyar yake taɓa kafaɗa in an taje, ga shi wata 2 kenan da na yi shamfu, mai kitsonmu ta ce sai an sa bilicin kafin kalar ta fito kuma bilicin a kan gashi mai shamfu karyewa yake yi, gaban goshina ma dama ya fara zubewa. Na gwada lalle a jelar, ja-ja kaɗan ya yi, sai na tsaya a rana ake gani.

Yayata cewa take ɓarnar kuɗi ce kawai, kullum kai na cikin ɗankwali. Amma ai don maigidan zan yi. Kuma in aka yi shuku ko kalaba kalar tana fitowa ko ɓata take yi? Wadda ta taɓa yi ta faɗa min gaskiya kafin na kashe kuɗin mota zuwa Kano.