Wane kiɗa zan sa wa soyayyar da ba ta faɗuwa, a fim na zamanin Kabi da Gwandu?

Ɗan Nasarawa, Birnin Kebbi:

Assalamu alaikum jama'a. Ina rubuta labarin fim ne, na kuma kai inda ni da mai zuba kuɗin muka kasa jituwa. Labarin yana faruwa a zamanin Sarkin Kabi Sama'ila, wanda ya hau a 1883, lokacin da Argungu da Gwandu ba sa ga maciji. Yaron ɗan gidan makaɗa ne a Argungu. Yarinyar ɗiyar malami ce daga ƙasar Gwandu, an kamo ta a wani hari aka kai ta cikin gidan sarki. Ka ga ko ta ina babu hanya: shi makaɗi, ita ɗiyar malamai, ga gaba tsakanin garuruwansu, ga shi yanzu tana hannun sarki. A duk fim ɗin sau biyu kawai na bari suka yi magana baki da baki.

Mai kuɗin ya ce dole a sa waƙoƙin fiyano uku, su fito bakin gulbi suna rausaya, in ba haka ba ba mai kallo. Ni kuma na ce ɗiyar malamin da ko sunansa ba ta iya kira, yaya za a yi ta juya rawa gaban kyamara? To amma in na cire waƙar, da me mai kallo zai gane suna son juna? Manya, a taimaka da shawara.

Tsoho na Matan Fada, Argungu:

Wa alaikumus salam ɗana. Kai da ka ba yaro gidan makaɗa, ai ka riga ka ba shi baki, ba ka dai lura ba. Amma tukuna, makaɗin mi? Don ba a cewa makaɗi kurum a wuce. Tambari na sarki ne shi kaɗai, ba a buga ma kowa, hakanan kakaki. Kotso da taushi na waƙar fada ne, irin kotson da Dankwairo ya yi suna da shi. Garaya ta maharba ce da 'yan bori. In ka ba yaronka ɗaya cikin waɗanga, ba shi da hanyar da zai yi magana da mace, sai dai in kana son a sare mai kai tun kashi na biyu.

Ba shi kalangu. Shi ne kiɗan mahauta da 'yan dambe da dandalin 'yan mata, kuma shi ne ke magana sosai, don makaɗi na matse tsirkiya da hammata, murya ta hau ta sauka kamar ta mutum. Da munka tashi, kusan duk budurwar da ta isa tana da take nata. Tana ƙuryar ɗaki aka buga, ta san da ita ake, uwarta ma ta sani.

To ga fim ɗinka nan. Yarinyar baƙuwa ce, ba ta da take a Argungu, sai yaron ya ƙirƙira mata. Gajere, ba ya wuce numfashi guda. Farkon da za a ji shi, bayan katanga, tana daka, sai taɓaryarta ta tsaya. Na gaba ya cusa shi tsakiyar taken Sarkin Pawa ranar kasuwa, jama'a ba su ji komi ba. Amma ubansa ya ji, don makaɗi ba ya ɓoye ma makaɗi. Ka nuna hannun tsohon ya kama gulan yaron, bai ce uffan ba. Wanga wuri ya fi waƙa uku.

Inno Malama, Gwandu:

Baba ya gama da ɓangaren yaron, bari in ce wani abu kan yarinyar, don na ga kamar an bar ta ba baki. Gidan da ta fito ba a kiɗa, amma ana waƙa. Matan gidajen malamai a ƙasar nan sun tashi da waƙoƙin wa'azi da begen Manzo, irin waɗanda 'Yan Taru na Nana Asma'u suka yaɗa ƙauye-ƙauye, kuma murya ce zalla, ba ganga ba tafi. Nana ta rasu a 1864, ka ga uwar yarinyar nan ko kakarta za ta iya zama ta zauna gaban jaji, wato malamar 'Yan Taru, ta koya. Saboda haka ita murya gare ta ba kiɗa, shi kuma kiɗa gare shi ba a ba shi damar buɗe baki ba. Kada ka haɗa su. Duk inda aka ji muryarta a ɗauke ganga, duk inda aka ji kalangunsa ta yi shiru. In ka ga dama, wuri ɗaya tak kusa da ƙarshe ka bari karin waƙarta ya faɗa kan takensa, ko cikin lugude ne da sauran matan gidan suke yi.

Sai roƙo, ƙanena: don Allah ban da fure da zobe. Ba namu ba ne, a finafinan Indiya muka tsinta. Ga goro, ga lalle, ga zaren da take kaɗi da mazari. Ga kuma tsagen Kabawa a kumatunsa, wanda ita tun tana goye aka nuna mata a matsayin fuskar abokan gaba. Yadda za ta fara kawar da kai daga fuskar nan, da yadda daga baya idonta zai riƙa daɗewa a kai, ya isa.

Kuma ka yi hattara da yadda za ka zana ɓangarorin biyu. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka yi masa kamun kifi, daga nan bikin ya samo asali. Jikokin waɗanda suka yi yaƙin nan suna nan, maƙwabtan juna ne, wasu ma surukai.

Mai Situdiyo, Gusau:

Yaya Malama, a yi mini afuwa, zan ɗan kare mai kuɗi. Waƙa ita ke tallata fim yanzu, ita ake yanka a sa a YouTube da TikTok tun fim bai fito ba. Mutum ba zai zuba dukiyarsa ya zauna jiran yabon malaman jami'a ba. Ku ba shi waƙa ɗaya, amma ta zama wadda za ta iya faruwa a cikin labarin: gaɗar 'yan matan Argungu daren farin wata, ko matan gidan sarki da shantu da kiɗan ƙwarya ranar wani biki. Jarumarku tana gefe zaune ba ta shiga ba, kyamara tana kanta. Mai kuɗi ya samu abin talla, kai ba ka yi wa zamanin ƙarya ba.

Ta fuskar aiki, kalangun da ke cikin fiyano ba ya magana, a nemo makaɗi na gaske a ɗauka. Kuma kada a ɗauka bakin ruwa da asuba, raɓa na sa fata ta saki, sautin ya mutu. A ɗauki hoto can, sauti a ɗaki.

Ɗan Nasarawa, Birnin Kebbi:

Allah ya saka da alheri. Baba, tambaya ɗaya ta rage: in yaron mai kalangu ne ba makaɗin fada ba, me zai kai shi kusa da gidan sarki har ta ji shi?

Tsoho na Matan Fada, Argungu:

Nama, ɗana. Sarkin Pawa na kai gaisuwa fada, kuma ba ya tafiya ba makaɗinsa biye. Ka zo gidan tarihi na Kanta, nan ne tsohuwar fada har 1942, ka duba zaurukan da idonka, ka auna daga ƙofa zuwa cikin gida ka ga ko sauti na kai. Ka taho da mai kalangun naka, a nemi izni, shi tsaya waje shi buga, kai kana ciki.