Shayi da ɗan yawo kafin sanyi ya kankama

A majalisarmu ta bayan isha'i a Makka, an tattauna yadda mutum zai ɗan sha iska yanzu da Nuwamba ta shigo, zafi ya sassauta. Ga abin da na tsinta.

Yawanci Ɗa'if suka zaɓa. Dattijon cikinmu ya ce a kama hanyar Hada bayan asuba, a riƙe rigar sanyi, don garin kan duwatsu yake, kusan mita 1,800, rana na faɗuwa sanyi ya sauko. Kada a sa ran furen wardi, lokacinsa sai Maris da Afrilu. In an tsaya a hanya a ɗaga gilashin mota, biran wurin ba su da kunya.

Maganar shayi ce ta ci lokaci. Masu gawayi sun dage cewa shayin filas bai kama ƙafar wanda aka dafa a buta kan garwashi ba, kuma ina bayansu. Na'ana'ar Madina sai an sauke butar ake jefa ta, in ta tafasa ɗaci take yi. Wasu sun fi son citta da kanumfari irin na gida. Sukari dai kowa ya zuba nasa.

Mai son Madina kuwa, jirgin ƙasan Haramain zai kai shi cikin kamar awa biyu da rabi, amma a yanki tikiti da wuri.

Wani direba ya tuna mana 'yan'uwa masu tsaron shago da ba sa samun hutu sai Juma'a. Ya ce, "Alhaji, ku kira su kafin ku tsayar da rana." An amince a haɗa kuɗin mai, a bar musu kujera biyu.